Gonar Shaida ta Bauranya: Ta'aziyyar Dakta Zainul Abidin Dalhatu

Da hantsin ranar Talata, 14 ga watan Rajab 1446, wadda ta yi daidai da 14 ga Janairu 2025, Allah Ya karɓi ran Dakta Zainul Abidin Dalhatu Kankia a wani asibiti da ke Katsina, bayan jinyar kwana goma sha tara. Ya rasu yana da shekara sittin da uku, ya bar matarsa Hajiya Amatullah da 'ya'ya biyar da jikoki bakwai. An kawo shi gida Kankia, aka sallace shi bayan la'asar a ƙofar gidan mahaifinsa. Wanda Ya yi shi ne Ya kira shi, kuma wannan kiran yana jiran kowannenmu, har da ni mai wannan rubutu.

Sunana Harisu Lawal, malamin gona, shekara ashirin da shida ina zaga ƙauyukan Kusada a kan babur. Iyalin mamacin ne suka roƙe ni in rubuta wani abu a kansa, domin a ganinsu babu wanda ya fi ni kusa da shi a aikinsa na ƙarshe. Gaskiyarsu ce. Sai dai da sun san abin da na yi da kusancin, da wani suka nema. Dakta, da kai zan yi magana. Akwai zancen da na riƙe maka shekara shida da rabi. Shi kaɗai zai iya wanke sunanka na mai bincike, kai ka fi kowa haƙƙin jin sa, kuma ka tafi ba ka ji shi ba. Yau zan faɗe shi a gaban jama'a. Amma bari in fara da kai, domin wanda bai san ka ba ya san mutumin da muka cuta.

Na fara ganinka a daminar 2017, lokacin da tsutsar masara ta fara zame mana masifa. Ka shigo ɗan ofishina da ke Kusada da ƙafar wando a naɗe, taɓo har idon sawu, na ɗauka wani dillalin taki ne ya zo talla. Sai ka ce kai malamin jami'a ne, masanin halittu, ɗan Kankia, kana neman wanda ya san gonakin ƙauyukan Boko da Bauranya ɗaya bayan ɗaya. Na tambaye ka wane fanni ka karanta. Ka ce, "Ɓarna na karanta, Malam Harisu. Shekara talatin ina ɓata abubuwa da gangan, ana ce mani masani."

Na yi dariya, kai ba ka yi ba. Ka zauna bisa benci ka yi mini bayani. Ka ce muddin abu yana aiki daidai, ba a iya gane wane ɓangarensa ne ke yin me, sai an cire guda ɗaya an tsaya an ga abin da ya lalace. Ka ba ni labarin 'yan mitsi-mitsin ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓen mangwaro, waɗanda ka yi kiwo cikin kwalabe a ɗakin bincike. A kashe musu ƙwayar gado guda ɗaya tak, sai 'ya'yansu su fito da nakasasshen fiffike, ko su kasa bambance lokacin barci da na tashi, ta haka a san aikin wannan ƙwayar. Ka ce likitoci ma haka suka san amfanin sassa da yawa na jiki, daga abin da ke samun mutum idan sashen ya tsaya. Masu nazarin daji sukan killace fili su hana dabba ɗaya shiga, su dawo bayan shekara su ga wace ciyawa ta mamaye. Har masu aikin lantarki, in ji ka, sukan yanke layi guda da gangan su ga ina da ina wuta za ta ɗauke. Kowane fanni da sunan da ya raɗa wa abin, amma dabarar ɗaya ce: ka katse, ka duba, ka rubuta abin da ka gani ko da bai yi maka daɗi ba. Wannan na ƙarshen sau biyu ka faɗe shi.

Mutanen ƙauye sun so ka tun kafin su fahimce ka. Ba ka taɓa shiga gonar mutum ba sai ka yi sallama ka nemi izini, ko da mai gonar sa'an ɗanka ne. Kai ka koya wa matan Boko su ɗura wake a jarka su toshe bakinta da kyau, iska ta yanke wa ƙwari su mutu ba tare da an barbaɗa guba a abinci ba, kuma har yau akwai gidajen da ke cin lafiyayyen wake a bazara saboda kai. Ka san sunan kowane tsoho, ka san mai fama da ciwon gwiwa da mai fama da ido, kuma motarka ba ta barin Bauranya sai da mara lafiya a gaba ko buhun wani a baya. A akushi ɗaya kake cin tuwon dawa da mu, kana gardama da tsofaffi kan ko ruwa zai sauka kafin Juma'a. Da duk karatunka, kusan kullum su ke cinye ka, kai kuwa ka yi ta murna kamar kai ka ci.

Ga abin da ka zo mana da shi. Tsutsar nan, wani ƙwaro ne mai fiffike ke haifar ta. Macen takan saki wani ƙamshi da hancin mutum ba ya ji, namijin ya bi shi har ya same ta. Kai kuwa ka kawo wasu 'yan robobi masu fitar da irin wannan ƙamshin, a ɗaure su a kan sanduna ko'ina cikin gona. Idan ƙamshin ya cika fili ta kowace kusurwa, sai namiji ya yi ta shawagi bai san inda zai dosa ba, har kwanansa ya ƙare bai sadu da macen ba. In ba a sadu ba babu ƙwan da zai ƙyanƙyashe, tsutsa ta ragu. Ba ka kashe komai ba, hanya kawai ka ɓatar musu. Wata ƙungiya ta yarda ta ɗauki nauyin gwajin damina ɗaya, da sharaɗin idan aka ga bambanci a amfanin gona za a faɗaɗa shi zuwa sauran ƙauyukan Kankia da Kusada.

A daminar 2018 aka kafa sandunan a gonaki goma sha biyu da ke jere da juna a Boko. Amma gonakin Boko su kaɗai ba za su nuna komai ba. Dole a samu wata gonar masara nesa da ƙamshin, wadda ba za a yi mata komai ba game da tsutsa, ba roba, ba feshi, ba tsincewa, domin a gwada ta da waɗancan a ga bambanci. Ita ka kira gonar shaida. Biyar ka nema a Bauranya, mutum huɗu suka ce ba da su ba. Na biyar, Malam Haladu, dattijo mai tarin iyali, ya yarda, bayan ka yi masa alkawari a gaban mai gari cewa duk buhun da ya rasa za ka cika masa daga rumbun gidanku. Ka san halin manomi da gonarsa, don haka ka sa ya dafa Alƙur'ani ya rantse ba zai taɓa tsutsa ko ɗaya ba har a girbe.

Akwai abin da ba ka sa a lissafi ba. Gonar Malam Haladu a bakin hanya take, hanyar da duk mai zuwa kasuwar Kusada ke bi. A wurinmu kuwa da gona ake auna magidanci, ko ya cika rumbu da kyautar wani ba a ce ya yi noma ba. Cikin sati uku ganyen masarar ya koma kamar rariya. Masu wucewa su tsaya su riƙe baki. Aka fara cewa tsufa ya kama Haladu, aka koma cewa ya jinginar da gonarsa ga mutanen jami'a don ya ci a kwance. Ya daina zaman majalisa, ya koma sallah a sahun baya, da an sallame ya zame.

Kai kuma, Dakta, ba zan ɓoye wannan don ka mutu ba: ba ka ji tausayinsa ba. Ina tsaye ranar da ya tare ka a bakin gonar, ya rusuna maka, mutumin da ya girme ka da shekara goma.

"Dakta, don Allah ka sake ni daga wanga alkawari," in ji shi. "Ban iya fita cikin mutane. Hatsinka ba shi rufe mani wagga kunya. Mi zan ce ma ɗiyana?"

Ba ka ɗago ba. Kana durƙushe, ka buɗe zuciyar wata masara kana ƙirga tsutsa da tsinke. Ka ce, "Bakwai a guda ɗaya. Madalla. Malam Haladu, gonarka tana yi mana aiki fiye da yadda na zata. Saura sati shida, ka daure." Da annuri a fuskarka ka faɗi haka. Tsohon ya miƙe ya kama hanyar gida. Ranar na tsane ka. Na gaya wa kaina cewa mutumin da zai yi murna da lalacewar abincin wani bai cancanci a gaya masa gaskiya ba, kuma da wannan hujjar na yi ta lulluɓe kaina shekara da shekaru.

Washegari ka koma jami'a, za ka yi kwana goma wajen jarrabawar ɗalibai, ka bar mini littafin ƙirga tsutsa. Ni na je wurin mutanen Bauranya, ba su suka zo wurina ba. Na ce musu Haladu ne ya rantse, su ba su rantse ba. A ƙauyukanmu idan gona ta fi ƙarfin mai ita, gayya ake kira, maƙwabta su taru su yi masa aikin yini guda, ya ciyar da su, shi ke nan. Babu wanda ya ga laifi a ciki, taimakon ɗan'uwa ne irin wanda iyayenmu suka yi. Safiyar Asabar mu arba'in da ɗaya muka shiga gonar, kowa ya kama layi guda. Wasu sun zo da toka za su zuba a zuciyar masara kamar yadda aka saba, na hana, domin na san za ka ga alamarta. Na ce da hannu za a yi, a tsince tsutsa, a murƙushe ƙwai a bayan ganye, a haƙa rami can bayan gari a binne. Su tausayi ya kawo su. Ni da na yi tunanin toka da rami, na san sarai abin da nake yi.

Malam Haladu yana zaune a inuwar wata bishiyar bedi, wato darbejiya, hannuwansa cikin riga, bai taɓa ko ganye ɗaya ba. Matan gidansa suka dama fura. Aka yi raha, wani ma ya kwaikwayi tafiyarka da yadda kake leƙa masara kana cewa madalla, muka yi dariya har da riƙe ciki. Sau uku muka yi haka a daminar, duk lokacin da ka ba da baya. Bayan kowace gayya sai in dawo da littafinka in ƙirga 'yan tsutsotsin da suka rage, in rubuta su daidai, in sa kwanan wata.

Da ka dawo ka ga masarar ta farfaɗo, ka daɗe tsaye kana kallo. Ka tambayi Haladu ko ya taɓa, ya ce wallahi bai taɓa ba. Ka tambaye ni ko na ga wani abu, na ce wataƙila ruwa mai ƙarfi da aka yi ne ya wanke su. Ka gyaɗa kai, ka ce hakan na faruwa, ka rubuta. Ba ka sake tambaya ba. Bai taɓa zuwa ranka ba cewa mutum arba'in da ɗaya za su haɗa baki su yi shiru, har da ladanin unguwa a cikinsu.

Kaka ta yi, aka auna. Gonakin Boko sun yi kyau ƙwarai, sun fi na kowace shekara tun zuwan tsutsar. Gonar shaida ita ma ta yi kyau, bambancin bai kai a faɗa ba. Na ga yadda ka zauna bisa buhu kana bin lambobin, ka kai ƙarshe ka koma farko, ka sake komawa. Da wani ne a matsayinka, da ya gyara lamba biyu ba mai sani. Ni kaina na ba ka shawara ka ce gonar shaidar ta samu matsala a jefar da sakamakonta, ina fatan ka karɓa in samu sauƙi a raina. Ka dube ni ka ce, "Wace matsala? Ka ga wata?" Na ce a'a. Ka ce, "Tau, abin da muka gani shi za mu rubuta." Ka rubuta da hannunka cewa dabararka ba ta nuna wani amfani ba. Ƙungiyar ta yi godiya, ta tattara ta tafi. Aka tuge sandunan Boko, mata suka hura wuta da su.

Bayan sati ɗaya ka sa ni rakiya zuwa Bauranya. Haladu bai rasa komai ba, amma ka sauke masa buhu biyu, ka ce tukwicin haƙurinsa ne. Sannan ka durƙusa gabansa ka roƙe shi gafara kan maganar da ka yi masa a bakin gona. Ka ce ka yi ta tunani, ka gane ka yi masa rashin ɗa'a, murnar bincike ta sa ka manta da mutum a gabanka. Ya karɓi buhunan, ya ce ba komai. A nan hujjata ta rushe, ina ji ina gani, amma ban buɗe baki ba.

Abin da ya biyo baya ya fi gayyar muni. Tsutsa ta dawo a 2019, Boko babu sanduna. Kowa ya koma feshi, wani sau huɗu wani sau biyar a damina, ana yi ba takunkumi, ana dawowa gida da ciwon kai da amai. Aka sa maka suna Dakta Tsutsa. A majalisar Bauranya idan wani ya yi aikin banza sai a ce ya kafa sandar Dakta. Waɗanda suka fi kowa iya faɗin haka su ne 'yan gayyar. Malam Haladu kuwa, da mutuncinsa ya dawo, ya zama gwanin ba da labarin yadda gonarsa da ba a yi mata komai ba ta kamo ta masu ilimi. Duk mun san ƙarya ce, kuma mun ji daɗinta. A jami'a ma abin ya bi ka. Na ji an ce a wani taro wani abokin aikinka ya kawo gwajin a matsayin misalin yadda ake ɓata wa manoma lokaci, kana zaune a sahun gaba. Ɗalibai suka rage neman ka duba musu bincike. Ka ajiye aiki kafin lokacinka, ka dawo Kankia.

Ba ka bar maganar ba. Duk ranar da na biyo gaishe ka, sai in tarar da kai a zaure da littattafan gwajin a baje, kana neman inda ka yi kuskure. Yau iska kake zargi, ko ta kwashi ƙamshin daga Boko har Bauranya. Gobe robobin, ko zafi ya ɓata su a hanya. Wata rana kanka. "Akwai abin da ban gani ba, Malam Harisu," ka kan ce. "Ko tsufa ne ko wauta, ban sani ba." In ce sai haƙuri, Dakta, in sha shayinka, in hau babur. Har ma'aunin hatsi sai da ka tuhuma, ka sa aka kawo maka shi ka gwada, amma ni ba ka taɓa tuhumata ba.

A 2021 matata Rauda ta zubar da jini wajen haihuwa a Kankia, aka ce sai an ƙara mata, jininta kuwa irin wanda ba a cika samu ba ne. 'Yan'uwana uku aka gwada, bai dace ba. Ban kira ka ba, a bakin wani ka ji. Sai ga ka da tsakar rana ka naɗe hannun riga, ma'aikatan suna cewa da hawan jininka bai kamata ba, kana yi musu gardama har suka gaji. Leda guda aka ɗiba. Rauda ta rayu, jaririyar ta rayu, ita ce Zuhura da ke gidana yanzu. Da ka fito kana jiri na kama ka na zaunar a benci, maganar ta taso mini har maƙogwaro. Sai na tuna aikina, na tuna ni na rubuta lambobin, na tuna mutum arba'in da zan tona wa asiri. Na ce, "Allah Ya saka da alheri, Dakta." Ka ce in je in duba iyalina.

Ranar 26 ga Disamba ka faɗi a zaure bayan azahar, jijiya ta toshe a kanka. Na je Katsina a kwana na biyar. Na tarar da abin da ban taɓa gani ba. Idonka biyu, kana murmushi, kana magana da muryarka ta da, amma kalmomin ba sa haɗuwa su zama zance. Ina zaune babban likita ya shigo da ɗalibansa shida, suka kewaye gadon. Ya ce ka ɗaga hannu, ka yi masa murmushi. Ya ce ka rufe ido, ka amsa masa da wata doguwar magana mara kan gado. Sai ya ɗaga hoton kanka a haske, ya nuna musu wani ɗan tabo a gefen hagu, ya ce nan ne wurin da ke mayar da sautin magana ya zama ma'ana, kuma daga marasa lafiya irinka aka gano haka tun da daɗewa. Suka sunkuya suna rubutu. Ɗaya daga ciki har da cewa ya yi sa'a, bai taɓa ganin wanda alamunsa suka fito sarai haka ba. Hajiya Amatullah ta juya fuskarta bango. Ni dai na san da kana fahimta, kai za ka fara ce musu su rubuta da kyau.

Na bi likitan har baranda. Ga tambayar da na yi masa, kuma ina so duk mai karanta wannan ya lura da ita, domin ban tambaye shi ko za ka warke ba.

Na ce, "Likita, in an yi mashi magana, yana gane abin da aka ce?"

Ya ce, "Yana jin murya, yana gane fuska, amma ma'anar kalmomi ba ta isa gare shi."

"Ko kaɗan?"

"A yanzu dai, ko kaɗan."

Sai da na ji haka na samu ƙarfin hali. Na jira Hajiya ta fita alwalar la'asar, na ja kujera, na riƙe hannunka, na faɗa maka komai, gayyar, da tokar da na hana, da ramin bayan gari, da ruwan saman da na ƙaga. Na ce maka gonakin Boko ba su yi ƙarya ba, babu kuskuren da ka yi sai yarda da ni. Na yi kuka, na ce ka yafe mini. Kana kallona da fara'a tun daga farko har ƙarshe. Da ka ga hawaye, sai ka ɗaga hannu ka shafa kaina, ka yi ta jero wasu kalmomi da muryar lallashi. Na fito ina jin na sauke kaya, har na tsaya na sayi lemo a bakin asibiti. A mota, kafin mu kai Charanchi, na gane abin da na yi. Shekara shida ina da mutum mai ji mai fahimta a gabana, na jira sai da likita ya tabbatar mini ba ya iya tuhumata.

Ranar jana'izarka Bauranya ta zo da mota biyu. Bayan an idar da sallah, kafin a ɗauke ka, ƙaninka ya miƙe kamar yadda aka saba, ya ce mamaci ɗan Adam ne, ya yi hulɗa da jama'a, duk wanda ya ɓata wa don Allah ya yafe masa. Malam Haladu na gefena, dogare da sanda. Ya ɗaga murya ya ce, "Mun yahe mashi, duniya da lahira." Sahu ya ɗauka. Na duba dama na duba hagu, na ga fuska fiye da ashirin daga cikin 'yan gayyar, kowa yana yafe maka da zuciya ɗaya. Bakina ma ya motsa tare da nasu.

Hajiya Amatullah, yanzu gare ki. Ranar addu'ar uku kin aiko mini da kwali, littattafan gwajin ne guda tara, da saƙon cewa Dakta ya sha faɗa ba su da amfani, in ba mai ƙosai ta naɗe kaya ko in ƙona. Ban ƙona ba. Na bi su shafi-shafi, na sa jan biro a kan kowace ranar da aka tsince gonar kafin in ƙirga, na rubuta abin da ya faru na sa hannu, na kai kwafi jami'arsa da ofishinmu ranar Litinin da ta wuce. Na san abin da zai biyo baya a wurin aikina, saura mini shekara huɗu in yi ritaya, kuma na san a Bauranya ba mai sake ba ni ruwa. Kada ki ɗauki wannan a matsayin fansa. An gaya mini gwajin da aka lalata ba ya tabbatar da komai, sai an sake shi daga farko, kuma mai sakewar yana ƙarƙashin ƙasa. Abin da takardar za ta iya kawai shi ne ta nuna mijinki bai kasa ba, mu muka kayar da shi.

Na san halinki, za ki iya cewa kin yafe don ki huta da ni. Naki haƙƙin, na shekarun da kika yi kina kallonsa yana ramewa a zaure, ki yafe in kin ga dama, in kuma ba ki ga dama ba, ba ki yi laifi ba. Amma nasa ba ya hannunki, ba ya hannun 'ya'yansa. Malamai sun gaya mana haƙƙin bawa mai shi ne ke yafe shi. Zan tsaya gabansa ranar da za a mayar masa da fahimtarsa cikakkiya, in maimaita abin da na faɗa a asibiti, kuma ina jin tsoron wannan ranar fiye da yadda zan iya rubutawa.

Ina miƙa ta'aziyyata gare ki, da 'ya'yansa da jikokinsa, da ƙannensa, da mutanen Kankia da Kusada, in har ta'aziyya tana karɓuwa daga irina. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa, da haƙurin abin da kuka karanta yau. Allah Ya raya abin da ya bari, Ya sa musu albarka, Ya tsare su daga aminai irin waɗanda mahaifinsu ya samu.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Zainul Abidin ɗan Dalhatu. Ka yafe masa zafin da ya yi wa Haladu, domin ya durƙusa ya nemi gafara da bakinsa tun yana raye. Ka sa jinin da ya bayar da gaskiyar da ya rubuta a kan kansa su yi masa nauyi a mizani. Ka yalwata makwancinsa, Ka haskaka shi, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Kuma ya Ubangiji, Kai da babu abin da ke tsakaninKa da zuciyar bawa, Ka sanar da shi a kabarinsa abin da muka hana shi sani a duniya, don ya daina neman inda ya yi kuskure.

Harisu Lawal Sukuntuni
Malamin gona, Kusada